Awon Gida Mai Ƙofa Shida

9 ga Afrilu

Uwata,

Yau shekara talatin da ɗaya cif da sayar da gidan kakanki. Na fara da wannan kafin gaisuwa domin a yau takardarki ta iso ni, kuma maganar gida ce a cikinta.

Bayan haka ina gaishe ki. Muna lafiya gwargwadon lafiyar tsofaffi. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Kunnen hagu ya ajiye aiki, na dama yana shirin bin sa, shi ya sa na ce ki daina kira na a waya, ki riƙa rubutowa. Maganar waya ba ta da kwafi. Ni da hannu nake rubutu, in kai wa mai shagon kwamfuta na bakin titi ya aika miki, taki kuma ya fitar mini a takarda, ɗari biyu kowane shafi. Hajiya tana gaishe ki, ta ce maganin ƙafar da kika aiko ya ƙare.

Mu huɗu muka gaji gidan kakan naki. Ni ne babba, ni kaɗai na yi karatu mai zurfi. Shekara huɗu ana koya mini aikin safiyo, wato awon ƙasa, na fito na ɗaya a ajinmu. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, bai wuce aji shida ba, amma a lokacin yana da shagon kayan gini biyu da mota. Ranar da mai saye ya zo, na buɗe baki zan yi magana, sai ƙanen nawa ya ɗaga mini hannu a gaban baƙo ya ce, "Yaya, kai dai ka auna mana. Maganar kuɗi ka bar wa waɗanda suka san kuɗi." Aka yi dariya. Na ɗauko tef na auna. A ofishinmu kuwa, a aljihun tebur na biyu, akwai taswirar da ta nuna babbar hanya za ta bi ta ƙofar gidan. Da idona na gan ta. Ba wanda ya tambaye ni. Bayan shekara biyu hanya ta zo, wanda ya saya ya yanki rabin filin ya sayar ninki goma sha ɗaya na abin da ya ba mu. Yanzu gidan mai ne a wurin. Ni kuma har yau haya nake biya.

Sai maganarki. Bari in maimaita yadda na fahimce ta, in na yi kuskure ki gyara. Gida ne a garin nan, mai sashe huɗu da shago biyu a gaba, ƙofa shida ke nan, kowace tana biyan dubu ɗari huɗu a shekara. Kuɗinsa miliyan goma sha takwas. Ke kina da shida, waɗanda kika tara cikin shekara tara kina aikin jinya a asibitin kamfanin nan. Banki zai cika sauran ya sayi gidan, ya sayar miki da ribarsa, ki riƙa biyan dubu ɗari biyu da saba'in kowane wata har shekara biyar, takardun gida suna hannunsu. Ɗari biyu daga kuɗin haya, saba'in daga albashi. In kin gama ki bar wancan wuri mai nisa ki dawo gida ki zauna a kan hayar.

Lissafin a takarda ba shi da aibi. Na bi shi sau biyu da fensir. Abin da kawai zan ce, ƙafa ɗaya gare shi, ita ce hayar.

Kin ce in je in duba miki. Zan je. Ban taɓa mallakar gida ba, amma na auna na mutane sun fi dubu biyu, kuma ke ce ta farko a zuri'ar mahaifinki da ta taɓa neman in duba mata wani abu. Sunan mahaifiyarmu kika ci, ba zan ce miki a'a ba.

Baffanki


16 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaishe ka da kyau, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina gaida Hajiya, maganinta yana hanya, na ba direban motar asibiti. Ni lafiya lau sai gajiya. Mun yi ƙarancin ma'aikata a ɗakin yara, a tsaye na karanta wasiƙarka, a tsaye kuma nake rubuta wannan.

Lissafin nan haka yake, ba abin gyara. Na ji daɗi da ka ce ba shi da aibi, don in ka ce abu ya yi, to ya yi. Har na nuna wa abokiyar aikina, ta ce baffan naki alƙali ne ko malami? Na ce ya fi su duka tsauri.

Baffa, gaskiya tsoro nake ji. Wannan kuɗin ko riga mai tsada ban saya a kansa ba. Sau uku ana bikin ƙawayena ban je ba saboda kuɗin mota. Amma na gaji da zama a ɗaki ɗaya da gadon kamfani, ga Mama tana tsufa ita kaɗai.

An sa ranar takwas ga Mayu in sa hannu a reshen bankin da ke nan. Dillali ya aiko da yarjejeniyar 'yan haya duka shida, kowa wa'adinsa ɗaya ga Yuni. Ka ga ina karɓar gida, hayar shekara tana shigowa, in ajiye ta gefe in riƙa gutsura wata-wata. Mai gidan tafiya zai yi wajen 'ya'yansa, shi ya sa yake sauri.

Saboda haka kai dai ka duba mini ginin da iyakar filin. Maganar kuɗi da ta 'yan haya ni da ma'aikacin banki mun gama ta, kada ka wahalar da kanka a kai. Na turo dubu goma wajen mai kwamfuta na mota, don Allah kada ka tafi a ƙasa da gwiwar nan.

'Yarka


24 ga Afrilu

Uwata,

Gaisuwa. Muna lafiya. Magani ya iso.

Na karanta takardarki, na fahimci iyakar aikina. Na je gidan ranar Litinin da Talata. Ga sakamako.

Fili: tsawo mita talatin da rabi, faɗi goma sha biyar. Ya yi daidai da taswirar da ke jikin takardar mallaka. Turakun iyaka huɗu ne, uku suna inda ya kamata. Na huɗu, na kusurwar baya ta gabas, maƙwabci ya ɗora bangonsa a kai ya ci miki kusan taƙi ɗaya. Ba abin zuwa kotu ba ne, amma ki sani.

Gini: bulon siminti ne mai kyau, an zuba harsashi yadda ya kamata. Na ɗora na'urata a tsakar gida na duba bango huɗu, babu wanda ya karkata. Tsagar da ke jikin shago na biyu ta shafe ce, ba ta shiga ciki ba, na sa wuƙa na gani. Rufi kwano ne, zai yi shekara goma nan gaba in ban da na sashe na uku, inda silin ya yi taswirar ruwa. Ramin masai ya kusa cika. Mitar wuta guda ɗaya ce ga ƙofa shida, kuma na ga an rubuta zagi da gawayi a kusa da ita, saboda haka ki sa ran rigima kowane ƙarshen wata.

Mutanen ciki: tela da mai kemis a shaguna. A sassan akwai malamin makaranta, da direban babbar mota wanda ba ya gari, da wata mai sayar da zannuwa da 'ya'yanta, da wasu sababbin aure. Dillali ya riƙa bi na a baya yana cewa, "Baba, gida fa zam-zam, ko ƙusa ba ya nema." Na ce masa ya riƙe mini bakin tef, shi ne aikin da ya fi dacewa da shi. Ya riƙe.

Ranar Talata na zauna a shagon tela kusan awa guda ina jiran rana ta yi sanyi. Mutum ne mai surutu. Abin da ya faɗa bai shafi gini ba, bai shafi iyaka ba, saboda haka ban sa shi a nan ba.

Ginin ya kai kuɗinsa. Wannan shi ne abin da aka tambaye ni.

A ƙasa na tafi. Dubu gomanki suna wajen mai kwamfuta, na ce ya riƙa cirewa na takardu.

Baffanki


12 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya kai da Hajiya. Alhamdu lillahi, na sa hannu ranar Alhamis! Sa hannun nawa a karkace ya fito, ma'aikacin banki ya ce, "Sista, ke da kike yi wa jarirai allura?" Miliyan shida sun fita daga asusuna cikin minti ɗaya, na tsaya ina kallon wayar kamar an yi mini sata.

Rahotonka shi ya ba ni ƙarfin zuciya. Sau huɗu na karanta shi. Inda ka ce ginin ya kai kuɗinsa na ja masa layi da jan biro. Na yi dariyar tela, wato har ya same ka da gulmar unguwa? Ka yi haƙuri, na san ba ka son surutu. Sai dai na ga wasiƙar ta yi sanyi, kamar rahoton ofis, kuma ka ƙi hawa mota. Ko na yi wani laifi ne?

Ga wata alfarma. Ka zama wakilina a gidan, ka karɓi haya ranar ɗaya ga Yuni, ka riƙa ɗaukar kashi goma cikin ɗari kamar yadda ake ba kowane wakili. Kada ka ce a'a. Gara ya shiga aljihunka da na bare. In Allah ya sa na gama biya, sashe ɗaya naka ne kai da Hajiya, ka huta da biyan haya. Tun farko da wannan niyyar na nemi gida mai sashe huɗu, ban faɗa ba ne sai abu ya tabbata.

'Yarka


4 ga Yuni

Uwata,

Gaisuwa. Muna lafiya. Na ga takardarki tun tsakiyar Mayu, ban amsa ba.

Na je gidan ranar ɗaya ga wata da littafin rasit sabo. Ga abin da ya faru, ƙofa ƙofa.

Tela ko tsayar da keke bai yi ba. Ya ce, "Haya kuma? Wace haya, Baba Safiyo? Ni ai sai bayan shekara biyu a sake ganin launin kuɗina." Ya buɗe gwangwanin maɓallai ya fito da rasit.

Mai kemis nasa har roba ya sa aka liƙe masa, ya rataye kusa da lasisinsa.

Mai zannuwa ta ce, "Baba, firijina na sayar na biya. In wani zai ce in sake biya, ya fara dawo mini da firiji."

Matar direba ta miƙo nata ta ƙasan labule. Sababbin aure su ma haka.

Abin da ya faru shi ne, a watan Maris, kafin ya sa gidan a kasuwa, tsohon mai gidan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce duk wanda ya biya shekara biyu gaba, daga wannan Yunin, zai karɓi dubu ɗari shida maimakon takwas. Biyar suka biya. Miliyan uku ke nan ya sa a aljihu. Rasit ɗin na gaskiya ne, da sa hannunsa da tambarinsa, na gwada da wanda ke jikin takardar cinikinki. Yarjejeniyar da dillali ya aiko miki tsofaffi ne, ba ƙarya a cikinsu, sai dai ba su ne na ƙarshe ba.

Malamin makaranta ne kaɗai bai biya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni garaɓasar ta wuce ni, don ba ni da su a lokacin. Yanzun ma ba ni da su." Ya ba da dubu hamsin, ya ce sauran sai a hankali.

Na nemi dillali. Ya ce shi ciniki ya haɗa, ba tarihin gida aka ce ya kawo ba. Gidan da tsohon mai gidan yake zaune wasu ne a ciki yanzu, sun ce ya tafi tun goma ga Mayu, ba su san inda ya nufa ba.

Saboda haka abin da za ki samu a shekara dubu ɗari huɗu ne, ba miliyan biyu da ɗari huɗu ba, har shekara biyu. Ban ɗauki kashi goma ba.

Baffanki


6 ga Yuni

Baffa,

Ina gaisuwa.

Na samu lambar tela wajen dillali na kira shi, don in ji da kunnena. Ya maimaita duk abin da ka rubuta. Da zan kashe wayar sai ya ce, "Hajiya, ai na ɗauka kin sani. Tun ranar da Baba Safiyo ya zo awo na gaya masa, har rasit na nuna masa, ya sa tabarau ya karanta."

Wannan ranar Talata ce, ashirin da biyu ga Afrilu. Ni takwas ga Mayu na sa hannu.

Ban yarda da maganar tela a kanka ba. Kai nake so ka gaya mini.

'Yarka


30 ga Yuni

Uwata,

Gaisuwa. Hajiya ba ta jin daɗi, kuma ba ta yi mini magana tun ranar da na karanta mata takardarki.

Tela bai yi ƙarya ba. Ya nuna mini, na karanta, na kuma gane abin da yake nufi tun kafin in cire tabarau. Lissafin bai ɗauke ni minti biyu ba.

Ki ɗauko wasiƙata ta tara ga Afrilu ki karanta abin da mahaifinki ya ce mini. Sannan ki ɗauko taki ta sha shida ki karanta sakin layi na ƙarshe. Ni a tsaye na karanta shi a shagon kwamfuta, mutumin yana kallo na yana jiran ɗari biyunsa. Na ce a raina, to, 'yar ma ta gaji uban. An aiko tsoho da tef, an haɗa masa da kuɗin mota.

Da na aika rahoton ban yi niyyar yin shiru har ƙarshe ba. Na bar miki ƙofa, na ambaci tela. Na ce in tana ganin kaina yana da amfani, za ta tambaya me tela ya ce. Washegari kuma na ga abin bai dace ba, na zauna na rubuta wata. Ga ta nan na haɗo, har da alamar ninki:

"25 ga Afrilu. Uwata, kada ki sa hannu. Mai gidan ya karɓi hayar shekara biyu gaba daga mutum biyar. Ki ce a cire miliyan huɗu daga kuɗin gidan a ajiye miki, ko ki fasa."

Na sa ta a aljihun gaba. Sau uku ina zuwa shagon in tambaya ko akwai saƙo daga gare ki. Kowane zuwa ina cewa in na tarar ta tambaya, sai in miƙa wannan. Babu saƙo, sai in juyo da ita. Ranar bakwai ga Mayu na yanke shawarar in aika ko ba tambaya. Na tarar shagon a rufe, mutumin ya tafi jana'izar surukinsa. Akwai wani shagon a gaban kasuwa. Na duba nisan, na duba gwiwata, na ce gobe. Ban manta gobe ce takwas ga wata ba.

Da takardarki ta sha biyu ga Mayu ta zo da maganar sashe ɗaya nawa ne, ban san yadda zan amsa ta ba. Har yanzu ban sani ba.

Ba na neman ki ce komai. Kin yi tambaya, ga amsa.

Baffanki


9 ga Nuwamba

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya. Mama ta ce jikinta ya yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Na daɗe ban rubuto ba saboda duk wadda na fara sai in yage.

Na sayar da motata na biya Yuni da Yuli da Agusta cikakku. Daga Satumba dubu ɗari da hamsin nake iya kaiwa, shi ma da ƙarin aiki ranakun hutu. Kuɗin malamin makaranta, kamar yadda ka sani, sun tafi a rufin sashe na uku da kwashe masai. Lauya ya ce takardar ciniki ta ce na sayi gida yadda yake da mutanen cikinsa, ba zan iya fitar da su ba, wanda zan kai ƙara kuma sai an gan shi. Banki ya ce wata uku a jere ba cikakken biya, za su ba da wa'adin kwana sittin, sannan su sayar.

A takardar banki na ga wani ya zuba dubu ɗari da talatin a Satumba. Mama ta ce na'urarka ka sayar, mai ƙafa uku, wadda ba ka bari ko taɓa akwatinta mu yi muna yara. Na gode. Kada ka ƙara sayar da komai.

Na karanta wasiƙun biyu kamar yadda ka ce. Gaskiya shafin farko na wasiƙarka tsallake shi na yi a lokacin, na tafi wajen lissafi, domin tun ina 'yar shekara bakwai nake jin labarin gidan Kaka. Nawa laifin ke nan. Abin da nake nufi da layin nan na maganar kuɗi kuwa, gwiwarka ce. Ban so ka yi ta hawa da sauka kana bin mutane ba.

Amma da na karanta shafin a nitse yanzu, na ga abin da ban taɓa lura da shi ba a labarin. Ka san hanya za ta zo. Kullum muna jin cewa Baba ya sayar da gida da arha. Ban taɓa jin cewa akwai wanda ya sani, yana tsaye a wurin da tef a hannu ba. Kasonka ma yana ciki, Baffa.

Ba da faɗa nake faɗa ba. Na gaji ne kawai.

'Yarka


28 ga Maris

Uwata,

Gaisuwa. Muna lafiya. Kunnen dama ya kusa cim ma ɗan'uwansa, sai an ɗaga murya nake ji, yanzu Hajiya rubuta mini take yi a bayan kwalin magani in tana son wani abu, kuma ba ta cika so ba.

Tun Nuwamba ban samu takarda daga gare ki ba. Ina zuwa shagon duk Litinin. Mutumin ya daina jira in tambaya, daga nesa yake girgiza kai. Dubu gomanki saura dubu shida da ɗari huɗu a wajensa.

Maganar da kika yi a kan taswirar hanya haka take. Na yi shekara talatin da ɗaya ina ba da labarin, ba wanda ya tsaya a wannan wurin, har ni.

Na'urar kuwa ba mai awo ne ya saya ba. Masu awon yanzu ba sa aiki da irinta. Wani mai sayar da filaye ne ya ajiye ta a ofishinsa kusa da tukunyar fure, don baƙi su gani. Abin da ta yi miki, ta ɗage wa'adin da wata ɗaya.

An sayar da gidan ranar Laraba, a ofishin lauyan banki. Na je a matsayin wakilinki. Mutum biyu suka taya. Wanda ya saya mai sayar da tayoyi ne, ya zo da ɗan littafi, kuma kafin ya taya sai da ya bi ƙofa shida ɗin da kansa ya ce kowa ya nuna masa rasit. Ginin ko kallo bai yi ba. Da lauya ya ce masa ga wanda ya auna gidan, ya ce, "Baba, lafiyayye ne?" Na ce lafiyayye ne. Dillalin nan dai shi ne ya sake haɗa cinikin, ya sake karɓar la'ada.

Mahaifiyarki ta ce kin sa hannu a sabon kwantiragi na shekara biyar a can. Ta faɗa mini a tsaye a ƙofa, ba ta shigo ba.

Ga lissafin, takardun suna haɗe. An sayar miliyan goma sha biyar, saboda saura wata goma sha huɗu kafin haya ta fara shigowa. Banki ya yafe wani abu daga ribarsa ya ɗauki goma sha uku da dubu ɗari tara. Dillali da lauya sun ɗauki dubu ɗari bakwai da hamsin. Saura dubu ɗari uku da hamsin, sun shiga asusunki jiya.

Kin zuba miliyan shida a farko, da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da goma a biyan wata-wata. Abin da ya salwanta miliyan bakwai ne da dubu ɗari uku da sittin, da motarki, da shekara tara. Wasiƙar da ban aika ba shafi ɗaya ce. Kuɗin aika ta ɗari biyu.

Baffanki